Likita Nie Ba Ta Soka Allura Sai An Haɗiye Ƙwaya

Ku mutanen Layin Marina, kun san ƙofar. Kullum kuna wuce ta a hanyar gidan shayi. Idan mace ta fito daga ciki riƙe da laima, jan tabo shimfiɗe a kumatunta da karan hancinta, sai ku ja yaranku gefe. An gaya muku lupus ba ya yaɗuwa, garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci mai ita. Kun ji, kuka kau da kai. To, matar da ke bayan ƙofar nan za ta tafi.

Likita Nie Shufen takan buɗe ɗakinta tun kafin mai awara ya kafa teburinsa. Ta ɗora tukunyar ƙasa, ƙaurin saiwoyi ya cika layi, ta jera alluranta sirara kamar gashi. Ta kama wuyan hannu ta ji bugun jijiya, ta ce a fito da harshe. Amma tana da doka guda ga masu lupus: ba ta soka allura sai mara lafiya ta haɗiye ƙwayar asibiti a gabanta.

"Allurata ta ciwon gaɓoɓi ce da rashin barci," haka take cewa. "Ƙodarki kuwa ba ta san ni ba."

Lou Xiaoqin, mai zuba shayi, na cikin masu zuwa wajenta. Ƙwayar asibiti ta kumbura mata fuska, tsofaffin da ke buga wasan cacar majan a gidan shayi suka samu abin yi.

"'Yar Lou, yau ma wata ya fito da rana tsaka!"

Mai gidan shayin ya mai da ita baya, wajen wankin kofuna. Xiaoqin ta daina zuwa ɗakin likita, ta watsar da ƙwayar, ta sayi wani garin magani a hannun wani mutum da ke rantsuwa a waya cewa gadon kakanninsa ne, yana tumɓuke cuta daga tushe. Fuska ta saɓe. Duk layin nan kuka yi ta yaba ta: "Kin rame, kin yi kyau!" Ba wanda ya tambayi dalili.

A kasuwa Likita Nie ta gan ta. Ko gaisuwarta ba ta amsa ba. Ta tsuguna, ta danna babban yatsa a ƙwaurin ƙafar yarinyar. Ta ɗaga yatsan, ramin bai ciko ba.

"Fitsarinki na kumfa?"

"Haba Goggo Nie, a cikin mutane?"

"In tambaye ki a nan, ko in tambayi uwarki a wurin ƙona gawa?"

Xiaoqin ta sunkuyar da kai. "Yana yi."

Mai kayan miya ta ce ba ta taɓa ganin tsohuwar a firgice haka ba. Likita Nie ta bar kwandonta a ƙasa, ta ja yarinyar cikin tasi, sai babban asibitin birnin Leshan. Likitocin can suka ce ƙoda ta kamu, saura ƙiris da sai injin wankin ƙoda.

Ke ce, Likita Nie, kika san inda ikon allurarki ya tsaya, kika kuma faɗa da babbar murya, alhali da kin yi shiru da layin ƙofarki ya ninka. Ke ce kike taɓa fuskar da muke gudu, da hannu ba safa. Ke ce kika ji tsoro ranar da kowa ke murna. Mun gode, mai hannun sanyi, ko da yake godiyar ta makara.

Yanzu hannun Likita Nie ya fara rawa, kuma ta ce ba za ta soka allura da hannu mai rawa ba. Ƙarshen wata za ta koma wajen 'yarta a Chengdu. Ɗakin kuma, an ce wani mai sayar da garin ƙarfin jiki ne zai karɓa, har ya zo ya auna inda zai rataya allonsa. Kwamitin unguwa ya ce ba shi da ta cewa. Yana da ita! Zama ne ya yi musu daɗi, kamar yadda ya yi mana.

Xiaoqin ta koma shan ƙwaya, fuska ta sake cika, tsofaffin majan sun koma dariyarsu. Ta ce wa likita, "Goggo, in kin tafi, ban yarda da kaina ba."

"Ni ma ban yarda da ke ba," in ji tsohuwar, ta juya tana goge alluran da ta riga ta goge.

Ranar Litinin za a sake gwada ƙodar Xiaoqin. Tana tsoron abin da za a gaya mata, ta ce wataƙila ba za ta je ba. Mutumin nan da ya sayar mata da garin magani bai daina aiko mata saƙo ba, ita ma ba ta goge lambarsa ba. Gidanta na saman shagon mai gyaran keke, hawa na biyu. Kai mai karanta wannan, hau benen nan, ƙwanƙwasa ƙofa, ka raka ta asibiti.