Kofin Agali

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajewa, don tsoron kar in yi da mamaci. Sai da liman ya ce ba laifi, sannan na zauna rubutu a kan kawuna Illo na Allakaye.

Wanda duk ya san Kawu ya san butar shayinsa. In za shi gona yakan mance kalmen noma, amma buta da gawayi suna rataye ga jaki. Kuma kullum kofi biyu yake zubawa, ɗaya nasa, ɗaya na Agali. Agali makiyayi ne daga Ibohamane, shi ya koya masa shayi suna samari, ya tafi cin rani bai dawo ba. Kawu yakan shanye nasa, ya dubi hanya, ya ce, "Ya makara," ya shanye ɗayan.

Da azumi, tun la'asar yake hura wuta, ya sa hanci cikin tururi. Liman ya ce, "Illo, mi ke nan?"

"Gaisawa kawai mukai, Malam."

Da ciwon sukari ya kama shi, lokotoro, wato likita, ya hana shi zaƙi. Washegari na iske shi yana jefa sukari cikin kofi.

"Kawu! Mi lokotoro ya ce?"

"Nawa lami ne, ɗanɗana ka ji."

"To wancan fa?"

"Na Agali ne. Shi wa ya auna shi?"

Innalillahi! Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Da na ga ƙafafunsa sun fara kumbura, sai na ɓoye kofin Agali cikin rumbu, ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba. Wutar ma bai hura ba, kwana biyu.

Na ce, "Kawu, sha naka mana."

Ya ce, "Kai, ka aza shayin nika so? Ruwan ganye ne. In na zuba biyu, ji nike akwai mai zuwa."

Na je na ɗauko masa. Har yau ban san wanne ne laifina ba, ɓoyewar ko mayarwar.

Bara da damina ya rasu. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe mini, Ya haɗa shi da abokinsa inda ba a makara.

Kofin yana hannuna, Kawu ya ce in miƙa wa mai shi. Don Allah, mutanen Ibohamane, wanda ya san labarin Agali, ko na 'ya'yansa, ya aiko mini Allakaye. Amana ce, ta hana ni sakewa.