Soazara da Ƙwarin Wake

Uwata Soazara ba ta iya roƙo ba. Ko gishirinta ne ya ƙare, gara ta ci lami da ta leƙa gidan maƙwabta. Sau ɗaya ta taɓa durƙusa wa mutum, shi ma saboda ni.

Daga bakin teku aka auro ta zuwa ƙauyenmu na kan duwatsun Makira. A garinsu kowa na cin sakondry, ɗan ƙwaron nan mai dogon hanci da ke maƙalewa a yaɗon wake, fari fat kamar an barbaɗa masa gari. A wanke, a zuba a kasko, da mansa yake soyuwa. Amma a gidan ubana kakanni sun hana shi. Mai jinin gidan ko ɗanɗanawa ba ya yi.

Shekarar da guguwa ta kwashe shinkafa, ban daɗe da yaye ba. Rogo kawai ake ci. Gashina ya yi ja, ƙafafuna suka kumbura. Ga ƙwarin nan danƙam a jikin shinge, ni kuwa ina ƙarewa.

Uwata ta je ta zube gaban kakana Bezara.

"Baba, jikarka tafiya za ta yi."

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni."

"To ka roƙa mata kakanni su ɗage hanin."

"Ke 'yar nan, ni na ɗora da zan ɗage? Hanya ɗaya ce. Ki ba yayanki ita, ta zama 'yar gidanku, ta ci abinta. Amma kin san ba za ta shiga kabarinmu ba."

A wurinmu kowace zuri'a kabari ɗaya gare ta, wanda ya rasa kabarin gidan ubansa kuwa ya fi maraya ban tausayi. Ta sani sarai. Ta goya ni ta gangara garinsu.

Na ci, na murmure, har kawuna yana tsokanata wai ƙwaro ne ubana. Ita ta koma ɗakin mijinta, sai bayan girbi take saukowa ta gan ni. Na girma ina jin haushinta, ina ganin yar da ni ta yi.

Bara da ciwo ya ci ƙarfinta, ta kira ubana.

"Maigida, ka yi haƙuri. In na cika, a gangara da ni. Kai za ka tarar da iyayenka. Ita 'yarmu in ta zo, wa za ta tarar?"

Ba ta daɗe ba ta cika. Shi ya ɗauki gaban makarar, yana kuka har bakin teku.