Tambayar Maman Hope Kafin Allura

Shekara ashirin da biyu Hannatu Luka, wadda kowa ke kira Maman Hope, tana ɗibar jini a wani ƙaramin ɗakin gwaji a Gyadi-Gyadi. 'Yar Kagoro ce, aikin mijinta ya kawo ta Kano. A ƙarƙashinta na fara aiki da na dawo daga karatu, kuma na lura ba ta taɓa tsira wa mace allura sai ta yi mata tambaya.

Wata Talata Safiya ta zo daga Daurawa, mijinta Murtala ya kawo ta a adaidaita sahunsa. Shekararsu huɗu ba haihuwa. Likita ya rubuta gwajin furojestaron, sinadarin da ke hauhawa a jinin mace bayan ta saki ƙwai, ya sauka in al'ada ta gabato. Shi ya sa ake ɗibar jinin kamar mako guda kafin al'ada, ga mafi yawan mata rana ta ashirin da ɗaya. Sau biyu an gwada Safiya a wani wuri, ya fito ƙasa. In wannan ma haka ne, za a ɗora ta kan maganin sakin ƙwai.

"Ƙanwata, yau kwana nawa?" in ji Maman Hope.

"Ashirin da ɗaya cif, Anti. Ni ba na ɓata lissafi."

"Daga yaushe kika fara ƙirgawa?"

"Daga ranar da na yi wanka na koma salla mana."

Maman Hope ta ajiye sirinji. "Kwana nawa kike fashin salla?"

"Bakwai."

"To yau kwananki ashirin da takwas ke nan. Gobe ko jibi baƙuwarki za ta dawo. In na ɗiba yanzu, ƙarya takardar za ta yi miki. Ranar da kika fara ganin jini, ita ce ɗaya."

Murtala ya leƙo daga bakin ƙofa. "Maman Hope, wato man da na ƙona ya tafi a banza?"

"Malam Murtala, in fasinja ya sauka a Unguwa Uku alhali Tarauni za shi, laifin hanya ne?"

Ta ɗauko kalanda ta bai wa Safiya, ta ce ta zagaye ranar farko da biro.

Bayan mako uku suka dawo. Ni na buga sakamakon: ya hau sosai. Safiya na sakin ƙwai lafiya lau, likita ya soke maganin.

Da yamma sai ga Murtala shi kaɗai, yana juya wata takarda a hannu.

"Likita ya ce yanzu layi ya zo kaina, ni za a gwada," ya faɗa murya ƙasa-ƙasa.

Maman Hope ta tura masa kujera da ƙafa. "Zauna. Kai ma ina da tambayar da zan yi maka."