Gawar Makulli

Duk wanda ya sake ce min "ai fim ne kawai", wallahi sai ya ji abin da bai taɓa ji ba daga bakina. Shekara goma sha huɗu ina cikin harkar nan, ni ke kula da kayan da 'yan wasa ke sawa, in wanke, in goge, in ɗinke maɓalli. Ba wanda zai koya min abin da fim yake. Fim ne ya cinye min yayana yana zaune a kan kujerarsa.

Yayana mai yanka makulli ne. Rumfarsa tana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani, faɗinta bai wuce ka buɗe hannuwanka biyu ba. Inji ɗaya, magagari uku, filaya, allon da ya rataye ɗanyun makullai a ƙusoshi, sai benci mai cin mutum biyu. Shekara talatin da ɗaya yana wurin. Da wannan injin ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu, ina aji uku a firamare. Har yau da furfurata, Auta yake kirana.

Dokokinsa biyu ne, kuma duk unguwar an san su. Ta farko, makulli ba ya kwana a wurinsa. Ko kai waye, ba ka ajiye ka ce za ka dawo. Zai nuna maka bencin ya ce, "Zauna, idonka a kan kayanka." Ta biyu, in ya yanka makulli ya ga haƙori ɗaya ya kauce, ba ya jefa shi a gwangwani yadda wasu ke yi. Sai ya ɗauki filaya ya karya shi biyu a gabanka, ya zuba maka gutsattsarin a tafin hannu, ya ce, "Ga gawar, kai za ka binne." Mutane su yi dariya su tafi. Ba wasa yake ba. Ya taɓa ce min makullin da ya lalace ma, in ya samu mai haƙuri da magagari, zai buɗe ƙofa. Saboda wannan halin ne mai kula da benen da ke samansa yake kawo masa makullan gidaje ashirin da huɗu a zobe ɗaya, ya zauna yana gyangyaɗi.

Sai darakta ya zo min da maganarsa. Wani mai gemu ne da ba ya cire tabarau ko a cikin ɗaki. Ya ce za su yi fim mai dogon zango a kan mutum mai rayuwa biyu: a idon jama'a mai yanka makulli ne kamili, a ɓoye kuma shi ne uban ɓarayin da ke fasa gidaje.

"Anti, an ce yayanki sana'arsa kenan. Jarumina yana so ya zauna da shi ya ga yadda ake riƙe kayan aiki."

Na ce, "Yaya ba zai yarda a yi ɓarawo da sana'arsa ba."

"To kar ki faɗa masa wannan ɓangaren mana. In ya sani zai takura, ya daina zama kansa. Ce masa labarin mai sana'ar hannu ne."

Na yarda. Ni da bakina na je na faɗa wa Yaya haka. Da ɗan gari akan ci gari, to ni ce ɗan garin. Ba na neman a wanke ni.

Sati uku jarumin ya yi a kan bencin nan. Dogo ne, mai ladabi kamar ya kwanta a taka shi. "Baba, sannu da aiki. Baba, ya ake riƙe wannan?" Yaya kuwa ya samu ɗa. Ya koya masa yadda ake hure garin ƙarfe daga sabon makulli, yadda ake shafa haƙoran da babban yatsa ido a rufe. Har abincin rana suke ci a kwano ɗaya. Wata rana na tarar da jarumin yana tafiya a bayan Yaya yana ɗan jan ƙafar hagu, irin jan da Yaya ke yi tun da babur ya buge shi. Na ce, "Kai, meye haka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Anti, sirrin aikin kenan. Ni ba na wasan ɓarawo. Mutumin kirki nake yi, in yi shi har ƙarshe, sai mai kallo ya so shi. Ranar da aka ga ɗaya fuskar, zafin ya fi shiga."

Kun ji fa! Har da gyaɗa kai na yi, wai na ji hikima. Da darakta ya ce rigunan da na ɗinka sun yi sabunta da yawa, ni ce na je gidan Yaya na ɗauko tsohuwar rigarsa mai ruwan toka, wadda aljihunta ya ƙone da tartsatsin inji. Da suka ce rumfar da suka haɗa ba ta da rai, Yaya da kansa ya ba su tasa rumfar kwana biyu, yana ta washe baki yana kora musu yara.

Ranar da suka ɗauki fitowar filayar ba na wurin, ina can ina guga. A waya na gani, tare da kowa. Kashi na huɗu ne. Wata mata ta kawo makulli, jarumin na cikin rigar Yaya, a rumfar Yaya. Ya yanka, ya duba, ya girgiza kai, ya ɗauki filaya. Sai kyamara ta matso kusa da hannunsa na hagu. Makullin mai kyau ya zame cikin hannun riga, wani tsohon makulli daban ya fito, shi ya karya. Ya zuba wa matar a tafin hannu, da muryar Yaya, har da ɗan tarin da yake yi kafin magana: "Ga gawar, ke za ki binne."

Waya ta faɗi daga hannuna. Abin da bawan Allah ya shekara talatin yana yi don a amince da shi, shi suka ɗauka suka mayar dabarar sata.

Fim ya karɓu, Allah ya isa. Da farko abin dariya ne. 'Yan makaranta su tsaya a gaban rumfa suna ɗaukar hoto, suna ihu, "Oga, ga gawar!" Mai gyaran waya ya koma kiransa Shugaba, wai na ɓarayi. Daga baya dariya ta ƙare. Aka shiga sata wani gida a hawa na biyu na benen da ke samansa, ta taga ma aka shiga, an ga gilashin a fashe, amma 'yan sanda sai da suka zo rumfa suka yi masa tambayoyi a gaban jama'a. Ba su tafi da shi ba, sai dai wa ya damu da wannan? Mai kula da bene ya fara wucewa da zoben makullansa a aljihu, ya gaishe shi sama-sama, ya tsallaka titi wurin wani mai yanka makulli. Kowa bakinsa ɗaya: "Mu ba mu ce shi ne ba, amma a ina 'yan fim suka samo?"

Na je ofishin darakta, ban ko yi sallama ba. Na ce, "Kun kashe min ɗan'uwa da ransa!"

Ya gyara tabarau. "Anti, mun rubuta a farkon kowane kashi cewa labarin ƙirƙira ne."

"Rubutun da ke wucewa kafin a ƙifta ido? Rigarsa ƙirƙira ce? Ƙafarsa ƙirƙira ce?"

"Wannan ai yabo ne ga aikin. Ya nuna mun taɓo gaskiya."

"Gaskiyar wa? Ka taɓa yanka makulli ko na akwatin kakarka?"

Na ajiye masa dutsen gugarsu a kan tebur na fito, ban sake komawa ba. Jarumin kuwa na gan shi ana hira da shi, yana cewa ya zauna da "wani dattijo" ya sha halinsa kamar ruwa. Ko sau ɗaya bai sake taka rumfar ba. Baba, Baba, ashe na sati uku ne.

Abin da ya fi ƙona min rai, Yaya bai yi min faɗa ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi min: "Auta, kin sani?" Na ce na san ɓarawo za su yi a fim ɗin, ban san za su yi haka ba. Ya ce, "To." Ya ci gaba da goge injinsa. Kullum ƙarfe takwas yana buɗewa, ya share gaban rumfa, ya kaɗe bencin da ba mai zama.

Watan jiya makullin ƙofata ya tsage. Na ɗauki na ajiya na tafi wurinsa, har da murnata, na ce yau dai zai ji ƙarar injinsa. Ya nuna min benci na zauna. Ya yanka, ya hure, ya shafa da yatsa, ya ɗan ɓata fuska. Hannu ya kwana biyu bai yi aiki ba, haƙori ɗaya ya kauce. Ya miƙa hannu ya ɗauko filaya.

Wallahi ban yi niyya ba. Ban yi zargin komai ba, Allah ne shaidata. Idona ne kawai ya tafi kan hannunsa na hagu, daidai inda kyamara ta tafi.

Ya gani. Ya tsaya da filayar a sama, ya dube ni. Sannan ya ajiye ta, ya naɗe hannun rigarsa na hagu har gwiwar hannu, ya naɗe na dama, ya buɗe min tafukansa biyu, baƙi ƙirin da garin ƙarfe.

"Duba da kyau, Auta."

Na ce, "Yaya, don Allah..."

Ya sake ɗaukar filayar. Ya karya makullin, ya zuba min gutsattsarin biyu a hannu. Na jira maganar da yake yi wa kowa, wadda na ji tun ina sa kayan makaranta. Bai faɗa ba. Ya juya ya zaro wani ɗanyen makulli daga ƙusa, ya kunna inji.