Mijina Da Ƙarar Taragai

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa ni amarya ce, 'yar ƙauye daga wajen Kwoi, ga surutu ga son birni. Mijina tsohon soja ne. Da aka sallame shi ya sami aikin gadi a tashar jirgin Kafanchan, muka kama ɗaki dab da inda ake haɗa taragai. Har taƙama nake yi wai daga ƙofata ina ganin jirgin Legas.

Da rana ba laifi, dare ne masifa. Kan jirgi ya ja baya ya daki tarago, gam! Wannan ya daki na bayansa, har kwanonina su zubo ƙasa. Ni na saba, minsharina nake yi. Shi kuwa kowace ƙara sai ya diro daga gado ya kwanta rub da ciki, yana jan ƙafata wai in sunkuya ana harbi. Da farko dariya nake masa, ina kiransa soja mai tsoron tarago. Idonsa ya yi jawur, ya rame, ya fara magana shi kaɗai. Ya sha gaya mini barci kawai yake nema.

Wani dare na zaga bayan gida, ina shigowa taragai suka gwabzu. Kafin in rufe ƙofa ya shaƙe ni, ya buga kaina da bango, ya ɗauki taɓarya ya karya mini hannu. Ina kiran sunansa, ina kiran Yesu, sam bai san ni ba. Maƙwabta suka shigo suka rufe shi da duka har ya suma. Da ya farfaɗo ya ga jini a zanena, ya yi kukan da ban taɓa ji a bakin namiji ba.

Danginsa suka ce kurwar waɗanda ya kashe a yaƙi ce ke binsa. Suka kai shi ƙauye wurin mai magani, aka sa shi a turu, ana zabga masa bulala safe da yamma. A can cikin gonakin citta ba jirgi, ba ƙara. Da turun da miyakun bayansa ya yi ta sharar barci, hankalinsa ya dawo. Kowa ya ce bulala ta yi aiki, ni ma na yarda, har na kai godiya a zumuntar mata ta cocinmu. Ya roƙe mu a bar shi ya yi noma. Kawunsa ya ce namiji ba ya barin aikin albashi, ni kuma, kaicona, na goyi bayan kawu.

Muka koma ɗakin nan. Ba a jima ba idon ya sake yin ja. Daren ƙarshe ya ce mini ba zai ƙara taɓa ni ba, gara ya je ya tsayar da taragan nan. Ya zari adda ya fita a guje. Direban jirgin da ya take shi ya ce mutum ya gani yana saran gaban jirgi, birki bai kama da wuri ba. A cikin tabarma aka naɗo mini abin da ya rage.

Sai da na tsufa na gane ba bulala ce ta warkar da shi ba, shirun ƙauye ne, mu kuma muka raba shi da shi. 'Yan'uwa, in naku ya daina barci ya fara sauya hali, kada ku yi masa dariya, kada ku ɗaure shi. Ku fitar da shi daga hayaniya, ku kai shi asibiti. Nawa ya faɗi ciwonsa da bakinsa, ba mu ji ba.