Yatsun Malam da muryar da ta ɓace a Zariya

Mun tashi daga Gaya da asuba, ana sallame salla muka kama hanya, ni da wani aminina tun na ƙuruciya wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Motar tasa ce, shi ne kuma direbanta. Abin da ya fitar da ni abu guda ne. Ina da malami a birnin Zariya, a Limancin Kona, wanda na zauna a gabansa ina saurayi, na ɗauki wani babban littafin fiƙihu tun daga babin tsarki. Saura babin ƙarshe, na rabon gado, aka aiko mini da rasuwar mahaifina, na koma gida, nauyin iyali ya hau kaina. Daga baya na karanta babin a wurin wasu malaman, Allah ya saka musu da alheri, har na karantar da shi. Amma Malam yana da wata hanya ta warware rabon kaka namiji idan ya haɗu da 'yan'uwan mamaci, yana bin gaɓoɓin yatsunsa tare da wasu 'yan kalmomi na Hausa. Daga malaminsa ya karɓa, ba ta cikin littafi. Ya sha ce mini, "Bari mu isa wurin." Ba mu isa ba. Da labari ya zo mini cewa tsufa ya kwantar da shi, sai na ga jinkiri ba shi da sauran hujja.

Mun haye gadar Wudil gari bai gama wayewa ba, muka ratsa gefen Kano, muka miƙe hanyar Zariya. Inda aka gyara titin sai ka ji kamar a kan tabarma kake tafiya, inda ba a gama ba kuwa sai ka tuna kana da ƙugu. A gidan mai aminina ya tsaya ya daɗe yana duban allon farashi, sa'an nan ya ce da yaron da ke zubawa ya zuba a hankali, ko da zai ga inda kuɗinsa ke shiga. Bayan Kwanar Ɗangora muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai bisa yadda na san shi, mai suyar ta ce wake ne ya yi tsada, ita ba ta canza hannu ba. A Tashar Yari muka sayi rake da mazarƙwaila, domin ba a zuwa gidan malami hannu rabbana.

Hantsi ya ɗaga muka shiga birni ta Ƙofar Doka. Masaukinmu a Kwarbai ne, gidan surukan aminina. Lungunan suna nan yadda na bar su, sai dai gidajen ƙasa da yawa sun zama na siminti, babura kuma sun cika ko'ina. Masu gidan suka tarbe mu da fate mai zafi, suna cewa sun san Kanawa ba su saba da abinci mai daɗi ba, mu ci a hankali. Aminina ya ce ai shi ya sa muka zo da rakenmu. Ya yi ƙari sau biyu duk da haka.

Bayan azahar muka je Limancin Kona. Na sami Malam a ɗakinsa na kusa da zaure, an jingina shi da matashi. Ya gane ni kafin in faɗi sunana. Ya ce, "Ɗan Gaya, sai yanzu ka dawo daga ta'aziyyar?" Na durƙusa na gaishe shi. Hankalinsa a ranar garau yake, amma muryarsa ta zama kamar raɗa, ni kuma kunnena na hagu ya daɗe da yin nauyi. Sai aminina ya kawo shawara: a ajiye wayata kusa da bakin Malam ta naɗi karatun, idan na koma gida in saurara da ƙarfi yadda nake so. Muka nemi izinin Malam, ya yi murmushi ya ce a ajiye.

Na buɗe littafi ina karantawa, yana fassarawa. Da muka zo mas'alar kaka, sai ya ɗaga hannun dama, ya fara bin gaɓoɓin yatsunsa da babban yatsa, leɓunansa suna motsi. Na ga yatsun sarai. Kalmomin kuwa ban kama ko ɗaya ba. Ban matsa kusa ba, ban ce ya maimaita ba, domin na tausaya wa numfashinsa, kuma ga waya tana ji a madadina. Muka kai ƙarshen babi, aka yi addu'a, na sa wayar a aljihun gaba na dafe ta da hannu.

Da la'asar muka wuce Ƙofar Kuyambana, mu yi wa iyalan wani abokin karatuna ta'aziyya. Mun fito muna zaune a dakalin ƙofar gidan, muna duban abin da ya rage na ganuwa, awaki suna hawa suna sauka a kai, sai wayata ta yi ƙara. Namiji ne, ya yi cikakkiyar sallama, ya kira sunana daidai, ya ce, "Allah gafarta Malam, an wuni lafiya? Ya iyali, ya ɗalibai?" Ya ce daga kamfanin da ke tsaron wayoyi da kwamfutoci yake kira. Na'urarsu ta nuna musu cewa wata cuta mai suna bairos ta shiga wayata, kuma kafin magariba za ta cinye duk abin da ke ciki, hotuna da saƙonni da muryoyin da aka naɗa.

Da ya ce muryoyi, sai na tuna karatun Malam da ke ciki. Na miƙa wa aminina wayar, domin shi ya yi aikin ofis. Suka yi Turanci na ɗan lokaci, aminina yana gyaɗa kai. Ya rufe bakin wayar da tafinsa ya ce, "Malam, kostoma kiya ne, masu kula da abokan ciniki. Yaron ya san aikinsa, ka ji Turancinsa kuwa?" Na tambayi mutumin nawa ne ladan aikin. Ya ce, "Haba Malam, mu karɓi kuɗin malamai? Addu'a kawai muke so."

Ya turo wani saƙo, ya ce a danna. Aka danna, wata manhaja ta sauka. Daga nan wayar ta riƙa yin tambayoyi, shi kuma kowace tambaya sai ya ce, "Malam, izininka nake nema, ka danna na ƙasan." Wannan neman izinin shi ya kwantar mini da hankali. A iya sanina, mai ɓarna ta katanga yake haurowa, ba ya tsayawa a zaure yana sallama. Na ba shi izini a ƙofar farko, na ba shi a ta biyu, na ba shi a ta uku. A ƙarshe na karanta masa wasu lambobi da suka fito.

Sai ga wayar tana aiki ita kaɗai a tafin hannuna. Shafuka suna buɗewa suna rufewa ba wanda ya taɓa. Na san aikin ɗan Adam ne, ban yi zaton wani abu daban ba, amma na rasa ta inda hannunsa ya shigo. Ya buɗe hotunan jikokina, ya buɗe jadawalin lokutan salla, ya shiga saƙonnin ɗalibai ya fita. Na ce, "Ɗana, ka ga cutar?" Ya ce yana nemanta. Can ya ce, "Malam, ina manhajar bankinka? Nan ta fi ɓuya." Na ce ba ni da banki a waya. Ya ce to in karanto masa lambobin katina na cirar kuɗi. Na ce katin yana hannun babban ɗana a Gaya, shi ke ciro mini. Ya ce to abokina fa, ya kawo nasa.

A nan aminina ya gyara zama. Ya ce, "Me ya haɗa katina da cutar wayar Malam?" Muryar mutumin ta sauya nan take, kamar an canza mai magana. Wanda ɗazu yake cewa Allah gafarta Malam ya ce, "Kai tsoho, ka ɓata mini lokaci. Ko ku turo kuɗin gyara yanzu, ko ka yi bankwana da wayarka." Aminina ya fizge wayar ya zazzaga masa Turancin da ban taɓa jin ya yi ba, ya rufe da Hausa, "Allah ya isa, ɗan damfara!" Layin ya katse. Allon ya yi duhu, ya dawo yana neman lambar sirri. Ni kuwa ban taɓa sa wa wayata lambar sirri ba.

Muka koma Limancin Kona ana kiran magariba. 'Yar Malam ce ke jinyarsa, Hajiya ce babba yanzu, tana aiki a wata ma'aikata, ni kuwa na san ta tun ana goyonta. Ta saurari labarin daga bakin ƙofar zaure, ta yi salati, ta zare layin daga wayar. Ta ce, "Yaya Malam, babu kamfanin da ke kiran mutum ya ce ya hango cuta a wayarsa. Cutar ita ce abin da ya sa ku kuka sauke." Na ce to ta yaya ya san sunana? Ta ce sunan kowa yana yawo tare da lambarsa. Aminina ya ce shi dama tun farko muryar ba ta kwanta masa ba.

Washegari ta tafi da wayar wurin masu gyara, ta dawo da hukunci ɗaya: sai an yi mata filashin, wato a wanke ta tas, duk abin da ke ciki ya tafi. Na tambaye ta, muryar Malam fa, yanzu tana ina? Ta ce tana iya yiwuwa tana ciki a kulle, tana iya yiwuwa ya goge ta, tana iya yiwuwa ya kwashe. Na ce idan tana ciki, ai a fito da ita kafin a wanke. Ta ce ba a shiga sai an wanke. Na juya wannan magana a raina ta kowace fuska. Ɗaki ne da ba a buɗe ƙofarsa sai an ƙone abin da ke cikinsa, ban taɓa cin karo da irinsa a littafi ba. Haka kuma na rasa sunan da zan ba mutumin. Ɓarawo a wurin malamai shi ne mai ɗauka a ɓoye daga ma'ajiya. Wannan a gabana ya shiga, da izinina, kuma ban san ko ya ɗauki wani abu ba.

Na shiga wurin Malam na gaya masa. Sai da Hajiya ta maimaita masa a kunne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Idan ya kwashe, to ya saurara. Na yi ɗalibi ke nan a tsufana." Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Amma ai jiya na faɗa maka." Na ce, "Allah gafarta Malam, kunnena bai kama ba." Ya ce, "To kana ina?"

Na matsa har kunnena na dama ya kusa taɓa gemunsa, inda ya kamata in zauna tun jiya. Ya ɗaga hannu, babban yatsa ya sauka a gaɓar ƙasa ta manuniya, ya hau ta tsakiya, ya tsallake zuwa ɗan yatsan tsakiya, ya dawo. Leɓunansa suka buɗe. Ya ce, "Kaka in ya zo…" sai ya tsaya. Ya sake daga farko, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya dubi yatsunsa kamar yana tambayarsu. Daga nan ya shiga ba ni labarin wata rijiya da ke gidan malaminsa, barci ya ɗauke shi a tsakiyar labarin. Hajiya ta ce haka yake, rana ɗaya garau, kwanaki a haka. Jiyan nan, in ji ta, sun daɗe ba su ga irinta ba.

Muka ƙara kwana. Na koma da safe, na koma da yamma. Yatsun ba su taɓa kuskure ba, kullum hanya ɗaya suke bi, ni kuma ina bin su da nawa har suka zauna mini. Kalmomin ba su dawo ba. Da za mu tafi ya dafa kaina, ya ce littafi ya sauka, ya yi mini izini, ya yi addu'a mai tsawo wadda na ji rabinta.

An wanke wayar, ta dawo fayau kamar ranar da aka saye ta. A hanyar dawowa, wajen Kura, aminina ya ce, "Malam, ka yafe mini, ni na ce yaron ya san aikinsa." Na ce ai ya san shi. Muka isa Gaya bayan la'asar, muka tarar da iyali lafiya, alhamdu lillahi.

Abin da zan gaya wa 'yan'uwa a sarari shi ne, duk wanda ya kira ku ya ce ya ga cuta a wayarku, ku amsa sallamarsa ku kashe. Ladabin harshe ba shaidar amana ba ne, kuma izini abu ne mai nauyi ko da danna yatsa ake bayar da shi. Wanda kuma Allah ya zaunar da shi gaban malami, ya matsa kusa, ya ce a maimaita, kada ya wakilta wani abu ya ji masa. Sauran al'amarin har yau ban fahimce shi ba, ba zan yi da'awar na fahimta ba.

Da ɗalibaina suka zo mas'alar kaka, na warware musu ita yadda take a littafi. Sa'an nan na ɗaga hannu na nuna musu tafiyar yatsun, na ce su riƙe ta haka nan, akwai magana da ke tafiya tare da ita, farkonta "Kaka in ya zo." Idan a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya taɓa zama a wancan zauren na Limancin Kona, ya san abin da ke biye da waɗannan kalmomi, don Allah ya neme ni. Kada ya turo ta waya. Ya faɗi inda yake, ni zan zo.