Ƙasar da Muka Bari a Gidan Alhaji Isufu

Ku da kuka shigo wannan sana'a a bayana, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da wata tsohuwa ta dubi karo mafi kyau a Birnin Konni ta ture shi gefe da sandarta. Karo shi ne abin da maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka ke kira tayil, kuma a shimfiɗa shi na yi furfura. Ba cika baki ba, a garin nan idan na ja igiya na daidaita daɓe, ko ruwa ka zuba sai ya bi hanyar da na nuna masa.

Aikin na Alhaji Isufu ne, mai motocin ɗaukar albasa daga Galmi. Bayan rasuwar mahaifinsa ya ƙudura gyara gidansa na Konni don ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Hadiza, daga Bazaga. Gwiwoyinta sun gaji, ga hawan jini, kuma a ƙauye duk ranar da ciwo ya tashi sai an ɗora ta a amalanken jaki kafin a kai bakin hanya. Ya gina mata ɗaki da makewayi kusa da na matarsa Rabi, wadda ke ɗauke da cikin fari a lokacin. Umarnin da ya ba ni gajere ne.

"Malam Garba, daga ƙohwar zaure har bayan ɗakuna, ban son in ga ƙasa ko ta cikin tahin hannu. Inna ta sha taɓo, ya isa hakanan."

Ga wanda bai san aikin ba, karon ɗaki daban, na tsakar gida daban. Mai sheƙi na falo ne, inda ba a zubar da ruwa. Inda ake alwala da wanke-wanke kuwa mai kaushi ake sa wa, domin mai santsi idan ya jiƙe yana kayar da ƙato, balle tsohuwa. Ni ba na ɗaukar maganar mai kanti. Ajiye karon nake yi a ƙasa, in zuba masa ruwan buta, in cire takalmi in taka da ƙafata. Sai kuma launi: fari yana kashe ido da rana, baƙi yana shan zafi har ya gasa tafin ƙafa. Alhaji mutum ne mai saurare, don haka muka tsaya a kan mai kaushi, mai ruwan ƙasa.

Mun gama ɗakuna, mun rufe mafi yawan tsakar gida, saura lungun bayan ɗakunan mata, sai aka kawo Inna ta ga wurin zamanta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa makewayi, ta tsaya a tsakar gida tana kallon tulin tsakuwar da muka jibge don cike lungun. Sannan ta juya wajen Rabi.

"Ki ce ma mai gidanki a maida ni Bazaga."

Alhaji yana tsaye a wurin, amma ba shi ta yi wa magana ba, domin shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, kuma magana mai nauyi ba ta taɓa shiga tsakaninsu kai tsaye. Ya aika Rabi ta tambayi dalili, Inna ta ce babu komai, gida ya yi kyau, Allah ya sa albarka, ita dai a mayar da ita. Aka lallashe ta da ƙyar ta yarda ta kai Juma'a.

Alhaji ya ɗauka karon ne bai yi mata ba. Ya ce in zagaya kantuna in kawo mata kowane iri ta zaɓa da kanta, in ta kama a fasa wanda muka sa, a fasa. Na hau kabu-kabu na bi kantunan Konni, na tsallaka iyaka na dawo da samfura cike da buhu. Na jera mata su a gaban tabarma, mai ruwan toka, mai zanen icce, mai kama da dutse. Kowanne na tura gabanta sai ta ce, "Shina da kyau," ta sa sanda ta matsar da shi. Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba, domin ban saba a ƙi zaɓina ba.

Ranar Alhamis Alhaji ya same ni a zaure, fuskarsa duk ta faɗa.

"In ta koma, damana ta sauka, hanya ta yanke, ciwo ya tashi, mi zan yi? Don ita na yi gyaran ga dut."

Abin da na lura da shi a kwanakin nan shi ne Inna ba ta ma kallon samfuran sosai. Duk sanda na buɗe buhu, idonta yana can lungun bayan ɗakin Rabi. Sai na roƙi Alhaji ya zauna a zaure kada ya shigo. Na je na durƙusa a gefen tabarmarta, na gaishe ta yadda ya kamata.

"Inna, ni ba ɗanki ba ne, ma'aikaci ne, babu kunya tsakaninmu. In akwai abin da na ɓata, hwaɗa mini in gyara."

Ta ajiye casbaha ta ɗago.

"Kai ɗan ina ne?"

"Tsarnawa, Inna."

"Da anka haihe ka, ina anka bizne mabiyiyarka?"

"Bayan ɗakin uwata."

"To. Yarinyar ga ta kusa sauka. In ta sauka, ina za a kai ta jikana? Bisa dutse za a aje ta, ko juji za a kai ta kamar shara? Ta wancan da ke zaure, gabana anka bizne ta, can Bazaga. Gidan da ba shi da ƙasar da za ta amshi jikana, ni ma ba shi amsata."

Nan take na gane. Kowa a cikinmu ya san cewa idan an haihu, tsofaffin mata kan wanke mabiyiya su binne ta a cikin gida, a bayan ɗakin mai jego. Amma magana ce ta mata, kuma magana ce ta haihuwa, Inna ba za ta iya furta ta a gaban ɗan farinta ba ko da za ta mutu a ƙauye. Rabi kuma cikin fari ne, kunya ba za ta bar ta ta ɗaga zancen ba.

Na koma zaure na faɗa wa Alhaji. Ya ce ai a likita, wato asibiti, za a haihu. Na ce ko a likita aka haihu, miƙo musu ita za a yi su kawo gida. Ya cire hula ya shafa kansa, na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Bar mata, Malam Garba. Bar mata yadda taka so."

A ranar muka kwashe tsakuwar. Na auna wuri kamar faɗin tabarma biyu a bayan ɗakin Rabi, na yanka karo na yi masa baki mai ɗan tudu don kada ruwan wanki ya gangara ciki, na sauya gangaren lungun ya nufi rariya. Muka tone ɓaraguzan gini, muka cike da jar ƙasa mai tsabta. Aikin ya fito tsaf, wanda bai sani ba zai ce tun farko haka aka tsara shi.

Da safiyar Juma'a Inna ta fito ta tsaya a kan wurin. Ta soka sandarta har sau da yawa, ta tabbatar ban yaudare ta da siminti a ƙarƙashi ba. Direban da zai mayar da ita Bazaga yana waje, an sa ƙunshinta a mota, ya riga ya tayar. Ta dubi Rabi ta ce, "Ki ce a shigo da ƙunshina."

Bayan damana na bi ta gidan don in duba yadda ruwa ya bi gangaren. Na tarar da Inna a lungun, zaune a kan tabarma da jaririya a cinya, kuma a kusurwar jar ƙasar an ɗora wani ɗan dutse. Ta nuna mini shi da haɓa.

"Ta wagga tana nan. Ka kyauta da ka bar wuri da hwaɗi, akwai na ƙannenta."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mai gida ne ke kiran ku aiki, amma ba shi kaɗai zai taka daɓen ba, kuma a gidajenmu wanda abin ya fi shafa sau da yawa shi ne wanda ba zai yi magana a gaban mutane ba. Tun daga wannan aiki, duk gidan da na shiga, kafin in ja igiya sai na sallami maza, na durƙusa gaban tsohuwar gidan, na tambaye ta inda ba ta so a rufe.